Bangaskiyar ranar Litinin: Darasi daga wani ma'aikaci a Goma

A ranar 7 ga Yulin 2007 wasu mutane suka sace wani matashi ɗan shekara 26 a birnin Goma da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa da alamun azabtarwa. Sunansa Floribert Bwana Chui. Ma'aikacin gwamnati ne a hukumar da ke duba ingancin kayayyakin da ake shigowa da su ƙasar. Goma tana kan iyaka da Ruwanda, kuma aikinsa shi ne ya duba kayan da suka tsallako, ya ba da izinin shigar da masu kyau kasuwa, ya hana waɗanda suka ɓaci. Ana nan sai aka kawo wata shinkafa da ta riga ta lalace. Masu kayan suka yi masa tayin kuɗi, ya ƙi. Suka koma barazana, ya sake ƙi. Sa hannu ɗaya tak ake nema daga wurinsa, kuma a kan wannan sa hannun ya rasa ransa.

A watan Nuwambar 2024 marigayi Fafaroma Francis ya amince cewa wannan saurayi mutuwar shahada ya yi, sannan a ranar 15 ga Yunin 2025 aka yi bikin sanya shi cikin waɗanda Cocin Katolika ke kira Masu Albarka a birnin Rum, wato matakin da ke gab da na waliyyi. Abin lura a nan shi ne babu wanda ya tsare Floribert ya ce masa ya bar addininsa. Ba a hana shi zuwa coci ba, ba a ƙwace masa Littafi Mai Tsarki ba. Masu shinkafar ba ruwansu da wanda yake bauta wa ranar Lahadi, buƙatarsu kawai ya ajiye bautar a gida idan zai fito ofis. Duk da haka Coci ya yanke hukunci cewa saboda bangaskiyarsa aka kashe shi. Ma'anar wannan hukunci ita ce teburin ma'aikaci ma wurin ibada ne, kuma ƙin sa hannu a takardar da za ta ciyar da talakawa ruɓaɓɓen abinci shaida ce ta imani cikakkiya.

Ni mabiyin ɗarikar Katolika ne, kuma malamin jami'a, kuma tun da na karanta labarin nan ya tsaya mini a wuya. Ga dalili. A farkon 2023 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Georgetown da ke Amurka, mai suna CARA, ta fitar da ƙididdiga kan yadda 'yan Katolika ke halartar Misa, wato babbar ibadarmu, a ƙasashe fiye da 30. Najeriya ce ta zo ta ɗaya, inda kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suka ce suna zuwa aƙalla sau ɗaya a mako. Kenya da ke bi mata tana da kashi 73. Wanda ya taɓa ratsa Kaduna ko Jos ko Makurɗi da safiyar Lahadi ba zai yi mamakin wannan adadi ba. Tun Misar ƙarfe shida majami'a ta cika, an jera benci a waje, an kafa rumfa domin waɗanda suka makara. Bugu da ƙari, tun a shekarun 1990 bishop-bishop ɗin Katolika na Najeriya suka tsara wata addu'a ta musamman ta roƙon Allah Ya raba ƙasar nan da cin hanci da rashawa, wadda ake karantawa a majami'u da yawa. Irinmu mun haddace ta tun muna samari.

To, ina duk wannan jama'a take shiga ranar Litinin? Ai mu ne a sakatariya, mu ne a asibiti, mu ne a shingen bincike, a kotu, a kasuwa, a ajin jami'a. Fayil ɗin da yake ɓata har sai an ga akawu, da mudun da aka buga wa gindi, da maganin asibitin gwamnati da ke komawa shagon wani, ba aljanu ke yin su ba. A cikin masu yi akwai waɗanda muka durƙusa tare da su jiya. Ba na cewa mu kaɗai ke da wannan ciwo, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakinmu nake magana a kai.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce a Coci. Tsakanin 1962 zuwa 1965 an yi babban taron da ake kira Majalisar Batikan ta Biyu, wanda ya tara bishop-bishop sama da dubu biyu daga sassan duniya. A cikin takardarsa mai suna Gaudium et Spes ta watan Disambar 1965, taron ya lissafa rabuwar da ke tsakanin imanin da mutane ke furtawa da halinsu na yau da kullum cikin manyan kurakuran zamani. Ya ƙara da gargaɗin cewa Kiristan da ya yi sakaci da nauyin da ke kansa a duniya ya yi sakaci da haƙƙin maƙwabcinsa da na Allah, kuma yana wasa da cetonsa. Shekara guda kafin nan, wata takardar taron mai suna Lumen Gentium ta keɓe babi guda sukutum domin bayyana cewa kiran zuwa rayuwar tsarki ya hau kan duk wanda aka yi wa baftisma. An buƙaci a faɗi haka ƙarara ne saboda mabiya da yawa sun daɗe suna ɗaukar tsarki a matsayin sana'ar Fada da Sista, shi kuwa mutumin gari nasa ya biya baiko, ya guji manyan zunubai, ya jira mutuwa.

Asalin koyarwar kuwa yana cikin Linjila kanta. Yesu ya yi kusan shekara 30 a Nazarat, inda mutanen garin suka san shi da aikin sassaƙa, wa'azinsa a fili kuwa bai wuce kimanin shekara uku ba. A babi na 3 na Linjilar Luka, masu karɓar haraji da sojoji sun zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi domin tuba. Bai ce su bar aikinsu su bi shi jeji ba. Masu haraji ya umarce su da kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce su dogara da albashinsu. Wato tuban kowa a cikin sana'arsa yake. Ko kalandar Coci ma tana nuni da haka, domin bayan an cire lokutan Kirsimeti da azumi da Ista, akwai mako 33 ko 34 da ake kira lokacin yau da kullum, inda Fada ke sa koriyar riga. Mafi yawan shekarar ke nan, kamar yadda mafi yawan rayuwar mutum take.

Cikin waɗanda suka fi ƙoƙarin saukar da wannan koyarwa zuwa ƙasa akwai Waliyyi Faransis na Sales, bishop ɗin Janiba, wanda ya rayu daga 1567 zuwa 1622. A 1609 ya wallafa littafinsa kan rayuwar ibada, wanda ya samo asali daga shawarwarin da yake rubuta wa wata matar aure da ke cikin hidimar gida da hulɗar manya. A zamanin da akasarin littattafan ibada na 'yan zuhudu ne, shi ya rubuta domin soja da mai sana'ar hannu da bara da uwar gida. Ra'ayinsa shi ne ibada tana da siffa daban-daban gwargwadon matsayin mutum, kuma wauta ce magidanci ya ƙi tanadi domin yana kwaikwayon mai zuhudu, ko mai sana'a ya wuni a coci ya bar shagonsa. A wurinsa, duk ibadar da ke ɓata aikin da Allah Ya ɗora wa mutum ibadar ƙarya ce. Wannan ma'auni yana da kaifi a yau. Ma'aikaciyar jinyar da ta bar majinyata ta tafi taron addu'a a lokacin aiki, da malamin da ya kwana a bikin farkawa ya kasa shiga aji da safe, da Faransis zai gan su, da ya ce su koma bakin aikinsu, can Allah ke jiransu.

A ƙarni guda da shi an yi wani mutum a Faransa mai suna Nicolas Herman, tsohon soja da ya shiga gidan zuhudun Karmel a birnin Paris, aka san shi da Ɗan'uwa Lawrence. Ba shi da zurfin karatu, saboda haka aka tura shi ɗakin girki, aikin da ba ya so a ɗabi'arsa, ya yi shekaru yana fama da tukwane, daga baya aka mayar da shi gyaran takalma. Hanyarsa mai sauƙi ce. Kafin ya fara aiki sai ya roƙi taimakon Allah, yana cikin aikin yana hira da Shi a zuci, idan ya gama sai ya duba yadda ya yi, ya yi godiya ko ya nemi gafara, ya ci gaba. Da aka daɗe sai ya zamana lokacin hayaniyar girki da lokacin durƙuso a majami'a duk ɗaya ne a wurinsa. Ya rasu a 1691, aka tattara wasiƙunsa da hirarrakinsa a ɗan ƙaramin littafi, wanda har yau Katolika da waɗanda ba Katolika ba suke karantawa.

Sai kuma Tereza ta garin Lisieux, ita ma a Faransa. Ta shiga gidan zuhudu tana da shekara 15, ta rasu a 1897 tana da shekara 24 sakamakon tarin fuka. Ba ta gina makaranta ko asibiti ba, ba ta je wa'azi wata ƙasa ba. Abin da ta kira ƙaramar hanya shi ne yin ƙananan abubuwa da cikakkiyar ƙauna. A wurin wanki akwai wata 'yar'uwa da ke fantsama mata ruwan datti a fuska ba tare da ta lura ba, Tereza ta koyi danne fushinta. Akwai wata tsohuwa mai yawan ƙorafi da ba ta iya tafiya sosai, Tereza ta ɗauki nauyin rakiyarta zuwa wurin cin abinci kowace yamma. Akwai wadda jininsu bai haɗu ba sam, ita Tereza ta fi sakar wa fuska. A 1925 aka ayyana ta waliyyiya, a 1997 kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya sanya ta cikin manyan malaman Coci, tare da masana irin su Agustin da Toma Akwinas.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin ruwan wanki da shinkafar Goma? Haɗin shi ne babu wanda ke zama jarumi a rana ɗaya. Shekaru kafin a kawo wa Floribert wancan tayi, yana cikin ƙungiyar Sant'Egidio, ƙungiyar mabiya da ba limamai ba wadda aka kafa a Rum a 1968, kuma a Goma ya shahara da abota da yaran da ke kwana a titi. Yana zama da su, yana cin abinci da su, yana ƙoƙarin mayar da su makaranta. Saboda haka da aka ajiye masa takardar shinkafa, ya san fuskokin waɗanda za su ci ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai saba ƙin naira ɗari biyar a ranar da babu mai kallonsa ba, da wuya ya iya ƙin miliyan a ranar da aka haɗa masa da barazana.

Koyarwar Katolika ba ta bar wannan magana a dunƙule ba. Littafin Katikisim na Cocin Katolika da aka fitar a 1992, a bayaninsa kan dokar da ta hana sata, ya jero abubuwan da yawancinmu ba ma kira sata. Akwai riƙe abin aro ko tsintuwa da gangan, da algus a ciniki, da biyan ma'aikaci ladan da bai kai ba, da tsawwala farashi saboda jahilci ko matsuwar mai saye. Akwai ba da toshiya domin karkatar da hukuncin wanda doka ta ɗora wa yanke shawara, da mayar da kayan ma'aikata na amfanin kai, da ƙin biyan haraji, da rubuta rasit na bogi. Har da aikin da aka yi shi a gurguje ba inganci. Wannan na ƙarshe ya shafi birkilan da ya rage siminti, ya kuma shafi malamin jami'ar da ke karanta wa ɗalibai takardar da ya rubuta shekara goma da suka wuce ba tare da ya ƙara mata ko layi ɗaya ba. Littafin ya kuma nanata cewa wanda ya ci haƙƙin wani dole ya mayar. Misalin da aka saba bayarwa shi ne Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda tubansa ya haɗa da alƙawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.

Ta yaya mutum zai gane inda yake zamewa, alhali zuciya gwanar kare kanta ce? A nan al'adar Katolika tana da wani makami da ya fito daga Waliyyi Ignatiyus na Loyola, sojan Sifaniya da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar limaman Jesuit. Makamin shi ne bitar yini, kuma ba ta wuce minti 15. Matakanta biyar ne. Mutum ya fara da gode wa Allah kan alheran da ya samu a ranar, yana ambaton su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya roƙi haske domin ya ga kansa yadda yake. Sai ya bi yinin sa'a bayan sa'a tun daga farkawa, ya duba abin da ya yi tunani, da abin da ya faɗa, da abin da ya aikata. Sai ya nemi gafara kan inda ya kauce. A ƙarshe ya ƙudurta gyara takamaimai domin gobe. Ƙarfin wannan hanya yana cikin bin sa'o'in nan. Abu ne mai sauƙi mutum ya ce shi mai zunubi ne a dunƙule, kowa na faɗin haka ba tare da jin zafi ba. Abu mai wuya shi ne ya tuna abin da ya yi da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, da wanda ya yi wa.

Zan ba da labarin abin da ya same ni, kuma babu abin yabo a cikinsa. Wasu shekaru da suka wuce, a ƙarshen wani zangon karatu, wata dattijuwa da muke coci ɗaya ta same ni a ofis. Tana cikin manyan Zumuntar Mata, kuma lokacin rasuwar mahaifiyata kwana uku ta yi a gidanmu tana girki domin masu zaman makoki. Ɗan autanta ɗalibina ne a ajin ƙarshe, ya ci maki 37 a darasina, alhali sai da 40 ake tsallakewa. Ba ta zo da ambulan ba. Ta zauna ta ce, "Ɗana, ban zo maka da komai ba sai girman da kake ba ni. Maki uku ne kawai. Idan yaron nan ya ƙara shekara, ba ni da kuɗin makarantar." Na ce, "Mama, ki koma gida, zan duba." Na kuwa duba. Na mayar da 37 ta zama 40, na miƙa sakamako, na gaya wa kaina cewa jinƙai na yi.

Da dare na zauna bitar yini. Da na iso kan wannan sa'a sai wani suna ya faɗo mini, wanda ke layi biyu ƙasa da na ɗanta a takardar sakamako. Wata yarinya ce mai maki 38. Ban san ta ba, ba ta da uwa a cocinmu, babu wanda ya hau bene ya zo ofishina dominta. Ta fi shi ƙoƙari, amma na bar ta ta faɗi na tsallakar da shi. Ashe bashin da ke kaina na biya da haƙƙin wata. Ranar Asabar na je furta zunubi wurin wani tsohon Fada. Da na gama ya ce, "Ɗana, gafara tana nan, Allah ba Ya rowarta. Amma takardar fa, tana ina yanzu?" Na ce tana wurin jami'in jarrabawa, ba a kai ta gaban majalisar sashe ba tukuna. Ya ce, "To, ka san inda za ka fara zuwa ranar Litinin."

Na je. Na faɗa wa jami'in abin da na yi, na rubuta da hannuna, aka mayar da makin yadda yake. Na roƙi wani abokin aiki ya sake duba takardun ɗaliban biyu, babu wanda ya kai 40, dukansu suka maimaita darasin. Da kaina na je gidan dattijuwar na sanar da ita. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na gode, Malam." Kusan shekara guda ba ta sake kirana ɗanta ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan kunyar da na ji a ofishin jarrabawa. Daga baya ne na gane abin da ya kamata in yi tun farko, wato in sa hannu a aljihuna in taimaka da kuɗin makarantar, domin shi ne nawa. Maki kuwa amana ce da aka ba ni ajiya.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce da sauƙi a yi wa ƙaramin ma'aikaci wa'azin gaskiya alhali albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wani lokacin ma ba a biya. Coci bai rufe ido ga wannan ba. Tun 1891 Fafaroma Leo na 13, a wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum, ya kare haƙƙin ma'aikaci na samun ladan da zai riƙe shi, da 'yancinsa na shiga ƙungiyar ƙwadago. Tsohuwar koyarwar Katolika tana lissafa danne ladan ma'aikaci cikin zunuban da kukansu ke kaiwa sama. Saboda haka bangaskiyar da ta hana akawu karɓar na goro ita ce ta wajabta wa gwamna da mai kamfani biyan albashi a kan kari, ita ce kuma ta wajabta wa makarantu da asibitocin Coci su duba abin da suke biyan malamansu da masu shara. Sai dai akwai abin da akawun ya kamata ya tuna. Kuɗin da yake tatsa ba daga aljihun wanda ya zalunce shi suke fitowa ba. Daga hannun gwauruwar da ta zo bin haƙƙin mijinta suke fitowa, wadda ta fi shi talauci.

Wani kuma zai ce nagartar mutum ɗaya ba ta gyara ƙasa, sai da dokoki da kotuna da hukumomi masu ƙarfi. Gaskiya ne. Mutuwar Floribert ba ta kawo wa Goma zaman lafiya ba, hasali ma a watan Janairun 2025 'yan tawayen M23 suka ƙwace birnin. Amma hukuma ba gini ba ce, mutane ne masu riƙe da alƙalami. Dokar hana shigo da ruɓaɓɓen abinci tana nan a rubuce tun kafin a ɗauki Floribert aiki, kuma ba ta da amfanin komai sai a ranar da aka samu wanda zai tsaya a kanta. Ba kowa ake kira zuwa shahada ba, Coci ma bai taɓa koyar da cewa mutum ya je neman mutuwa ba. Yawancinmu abin da za mu rasa bai wuce ƙarin girma da aka jinkirta ba, ko gaisuwar wani da ta yanke, ko a riƙa kiranmu masu taurin kai a ofis. Abin tambaya shi ne ko muna shirye mu rasa ko da wannan ɗin.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata a faɗa. Ana iya juya ƙaramar hanyar Tereza ta zama sandar rufe bakin wanda aka zalunta, a ce wa matar da ake duka ta yi haƙuri domin Allah, ko a ce wa ma'aikacin da aka cuta ya miƙa wahalarsa sadaka ya yi shiru. Wannan karkatar da koyarwa ne. Haƙurin da Tereza ta koyar na jure halin mutane ne da danne son kai. Idan maganar zalunci ce, musamman wanda zai faɗa kan marasa ƙarfi, ƙauna ɗin nan ce dai ke sa mutum ya buɗe baki ya ce a'a, kamar yadda saurayin Goma ya yi.

Mu ma a cikin majami'a muna da laifinmu. A bikin godiyar kaka na kowace shekara, wa muke ba kujerar gaba? Wa muke naɗawa shugaban taro? Sau nawa muka tambayi inda kuɗin babban mai ba da gudummawa suka fito kafin mu tafa masa? Babi na 2 na Wasiƙar Yaƙub ya tsawata wa ikilisiyar da ke girmama mai zoben zinariya tana barin matalauci a tsaye, kuma a wannan babin ne aka bayyana cewa imanin da babu aiki tare da shi gawa ne. Yaranmu suna kallo. Idan suka ga wanda kowa ya san ya wawure dukiyar jama'a ana yi masa addu'a ta musamman a gaban bagadi, shi kuwa malamin firamaren da ya yi shekara 35 bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba yana can benci na baya, sun riga sun koyi darasin da wa'azin Fada ba zai goge ba.

A wasiƙarsa ta 2018 kan kiran zuwa tsarki, Fafaroma Francis ya yi maganar waliyyan da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda ba za a taɓa rataye hotonsu a coci ba. Ya ba da misalin wata mata da ta je cefane, ta haɗu da maƙwabciya, hira ta juya zuwa gulma, ta kame bakinta. Ta dawo gida a gajiye, ɗanta yana son ya yi mata magana, ta zauna ta saurare shi. Damuwa ta taso mata, ta ɗauki carbinta ta yi addu'a. Ta fita ta gamu da wani mabuƙaci, ta tsaya ta yi masa magana mai daɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ji shi, taki ne zuwa gaba. Na san irin wannan mata da yawa, kuma na tabbata mai karatu ma ya sani. Akwai mai sayar da hatsin da ba ta taɓa haɗa tsohon wake da sabo ba, da direban da ke mayar da canjin da fasinja ya manta, da ma'aikacin kotun da fayil ba ya ɓata a hannunsa. Da su ƙasar nan take tsaye.

Masana sun ce sunan Misa kansa ya samo asali ne daga kalmar Latin ta sallama, wadda ake faɗa a ƙarshen ibadar lokacin da ake aika jama'a su koma cikin gari. Wato babbar ibadarmu an raɗa mata suna ne da lokacin fita daga cikinta. Da mun riƙe wannan, da mun daina auna lafiyar bangaskiyarmu da yawan bencin da aka jera a waje, mun koma auna ta da abin da majinyaci da ɗalibi da mai neman fansho suke tararwa idan suka zo gabanmu. Shawarata ga 'yan'uwana ƙarama ce. Yau da dare, kafin a kwanta, a ajiye waya na minti 15, a bi yinin sa'a bayan sa'a. Duk wanda ya yi haka da gaskiya zai tarar da wani suna yana jiransa a wani layi, kamar yadda na tarar da yarinya mai maki 38, zai kuma san ofishin da zai fara zuwa ranar Litinin. Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar zuwa.